Mata masu zaman kansu a ƙaramin asibiti: abin da ya kamata ma'aikaciyar lafiya ta sani

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, wata biyar ke nan da aka turo ni ƙaramin asibiti a wani gari da tireloli ke kwana. Akwai gidajen mata masu zaman kansu a bayan tasha, kuma wasunsu kan zo wurinmu jefi-jefi. A makaranta ba a koya mana komai a kansu ba in ban da ƙanjamau. Me ya kamata in fi kula da shi a lafiyarsu? Kuma gaskiya ina jin nauyi, kada a ce ina taya su ɓarna.

Amsa:

Ƙanwata, sannu da aiki, Allah ya ba ki ladan niyya. Ni ungozoma ce, kuma na yi shekaru ina shiga irin gidajen da kike faɗa da jakar gwaji a kafaɗa, wani lokaci har magariba ta same ni a tsakar gidan magajiya. A tambayarki kalma ɗaya ta fi tsaya mini a rai, wato "jefi-jefi". Macen da ke kwana da maza da yawa ba ta rasa abin da zai kawo ta asibiti a kai a kai. In kika ga sai jefi-jefi take zuwa, to akwai abin da ta taɓa gani ko ta ji a ƙofarku, ko a ƙofar wani asibitin, da ya sa ta gwammace kemis.

Ban manta wata da ta zo inda nake aiki a lokacin ba, da zazzaɓi da ciwon mara, tana tafiya a duƙe. Mai yankar kati ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce wa na kusa da shi, da muryar da kowa a benci ya ji, "Ai 'yar bayan tasha ce." Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce bari ta je ta dawo. Bayan kwana goma sha ɗaya aka kawo ta a kwance cikin adaidaita, mara ta tara mugunya, sai da aka tura ta babban asibiti aka yi mata tiyata. Ta rayu, amma an cire mata bututun ƙwai ɗaya, ga shi ko shekara 25 ba ta kai ba. Ciwon da allura da ƙwayoyin mako biyu za su kashe a ranar farko ke nan. Tun daga ranar, duk inda na je aiki, da mai gadi da mai kati da mai shara nake fara zama kafin ma'aikatan jinya.

Nauyin da kike ji na fahimce shi, don ni ma na ji. Ba a ce ki halatta abin da Allah ya haramta ba, ba kuma wanda ya naɗa ki alƙali. Mara lafiya ce a gabanki. Direban da ya yi gudun wuce sa'a ya faɗa rami, ɗinke shi muke yi, ba ma tsayawa bin laifinsa. Kowa a cikinmu ya ji hadisin karuwar da ta ɗebo ruwa da takalminta ta shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta mata. Wadda Ubangiji bai rufe wa ƙofa ba, ba ke za ki rufe mata ƙofar ɗakin allura ba. Ki kuma tuna namijin da ya kwana a bayan tasha gobe gida zai koma, wurin mata biyu ko uku da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Doka ma tana bayanki: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rufa sirrin mara lafiya, ko wane ne shi.

Makaranta ta sa mu, ni da ke, muna ganin matan nan kamar ƙanjamau ce ke tafiya da ƙafa biyu. Yawancin waɗanda na sani zawarawa ne, an sake su da goyo, ko sun gudo daga auren da ba su so, 'ya'ya suna can ƙauye wurin kaka ana jiran aike. Abin da ke hana wata barci ƙaiƙayi ne da ruwa mai wari, wata al'adarta ce ta yi jinkirin kwana goma, wata kuma shekara huɗu take neman ciki da wanda ya yi mata alkawarin aure bai samu ba. Ki fara da abin da ya kawo ta. In ta zo da ƙaiƙayi kika tare ta da "sai an yi miki gwajin jini tukuna", ta gane abin da kike nufi, kuma kin yi sallama da ita ke nan. Ki magance ƙaiƙayin, ki tambayi lafiyar yaranta, gwaji zai biyo baya, sau da yawa ita da kanta za ta nema.

Ba raina ƙanjamau nake yi ba. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, binciken 2020 kuwa da aka yi a kan rukunin da suka fi shiga haɗari ya samu kusan kashi 15 cikin 100 a tsakanin mata masu zaman kansu. Ninki goma ke nan. Amma ki dubi ɗaya gefen: a cikin mata 100 kusan 85 ba su da ita, kuma babban aikinki shi ne su ci gaba da zama haka. A gwada su duk wata uku. Ki yi musu bayanin ƙwayar rigakafin nan PrEP, guda ɗaya kullum. Mace sai ta yi kwana bakwai tana sha kafin kariyar ta kama sosai, ba ta hana ciki, ba ta hana sauran cututtuka, ba ta kuma ɓata maganin tazara. Cikas ɗinta da na fi gani shi ne kwalbarta ta yi kama da ta maganin masu cutar, sai abokan zama su fara tsegumi, mace ta zuba ta a masai. Shi ya sa na yi murna da allurar lenacapavir ta duk wata shida, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a 2025. Ki tambayi masu kula da shirin ƙanjamau na jiharku ko ta iso gare ku.

Wadda gwaji ya nuna tana da ita, a fara mata magani ba jan ƙafa, ƙwaya ɗaya a rana. Ki gaya mata abin da zai sanyaya mata zuciya, kuma gaskiya ne: in ta riƙe magani har cutar ta daina bayyana a gwajin jini, ba za ta sa wa wanda ta kwana da shi ba, kuma za ta iya haihuwa lafiya. Matan nan ba sa zama wuri ɗaya, suna bin kasuwa, suna bin kaka, suna bin wuraren haƙar zinare. Wadda ta daidaita a kan magani a ba ta na wata uku ko shida, da takardar da za ta nuna a duk garin da ta sauka.

Kwaroron roba kuwa, kada ki ɓata bakinki wajen koya musu yadda ake sawa, sun fi ki sani. Inda gizo ke saƙar daban ne. Akwai namijin da zai ninka kuɗi don a yi babu roba, a daren da mace ba ta haɗa kuɗin ɗaki ba. Akwai wanda ya bugu, akwai mai zarewa a ɓoye. Sai babbar ƙofar da kowa ke mantawa da ita, wato dadiro. Mace za ta rantse miki ba baƙon da ke taɓa ta babu roba, kuma gaskiya take faɗa, amma in kika ce, "Shi wanda kuke tare fa?" sai ta yi murmushi ta ce, "Haba Sista, ai wannan nawa ne." A wurinta cire robar ita ce shaidar cewa wannan so ne, ba ciniki ba. Shi kuwa yana da mata a gida, yana da wata a garin gaba. Cututtuka da cikin da ba a shirya ba da na gani a gidajen nan, da yawa ta wannan ƙofar suka shigo. Kada ki zagi dadiron, za ta kare shi ta bar ki. Ki ce ta kawo shi a gwada su tare, ko ki ba ta abin gwajin kai da ake gogawa a dasashi ta kai masa. Ki nuna mata a nan ne PrEP da maganin tazara suka fi yi mata rana, tunda roba ba za ta shiga tsakaninsu ba.

Abin da ba su cika sani ba shi ne dalilin fashewar roba. Mace ta karɓi maza da yawa a dare ɗaya, gaba ya bushe, sai ta laƙato basilin ko man kaɗe ko man shafawa, alhali duk wani abu mai maiƙo cinye roba yake yi. Man santsi na ruwa ake so, irin na 'yan ƙananan leda, kuma in kina da hali kada ki ba da roba babu shi. Sa roba biyu a haɗe gogayya yake jawowa su yage. Wadda ta kwana biyu a ƙarƙashin katifa cikin ɗakin kwano a watan Afrilu ita ma ba abin yarda ba ce. In roba ta fashe, abu biyu ne ba sa jira: maganin kariya na gaggawa daga ƙanjamau, PEP, a fara cikin awa 72 a sha kwana 28, da ƙwayar hana ciki ta gaggawa, wadda gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta. Ki yi ta maimaita musu "kwana uku" har ya zauna, don da yawa sai bayan mako suke zuwa.

Mace ɗaya ba ta iya tsayawa kan "sai da roba" in ta san baƙon zai fita ya shiga ɗakin kusa. Ƙasar Tailan ta gane haka, a 1991 ta mayar da shi ƙa'ida a duk faɗin ƙasar cewa kowane gida da roba ake yi, don namiji ya rasa inda zai koma, kuma cututtukan sanyi suka ragu ƙwarai. A unguwar Sonagachi ta birnin Kolkata a Indiya, aikin da aka fara a 1992 ya yi ƙarfi ne saboda matan da kansu aka ɗauka suna bi ɗaki-ɗaki suna wayar wa 'yan'uwansu kai. Mu a nan makullin yana hannun magajiya. In ta ce gidanta ba a yi babu roba, an gama. In kika tsallake ta, ko katan goma kika kawo a ƙarƙashin gado za su lalace.

Yanzu abin da ba a rubuta a littafinku ba, kuma shi ya fi cin lokacina: abubuwan da ake cusawa a gaba. Bayan kowane baƙo mace za ta yi tsarki har ciki da sabulu, ko Dettol, ko ruwan gishiri, ko lemon tsami, wata har da makilin. Ga kuma kayan matsi, alimun da bagaruwa da garin da ake saye a ƙulle ba a san abin da ke ciki ba, saboda maza sun ce sun fi son wuri a bushe a tsuke. Gaban mace yana da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke riƙe da ɗan tsaminsa, su ne masu gadin wurin. Wanki da sabulu yana kashe su, sai wasu ƙwayoyin su mamaye, ruwa mai ƙarni kamar na kifi ya fara zuba. Ita kuma da ta ji ƙarnin sai ta ƙara wanki, ciwo ya ƙara samun wurin zama. Matsi kuma yana busar da fatar ciki ta riƙa tsagewa, ƙananan raunukan da ido ba ya gani, ta nan ƙanjamau ke samun hanya. In kika ce "ki daina" kawai, ba za ta daina ba, don a ganinta tsafta ce kuma jari ne. Ni nakan ce: ruwa zalla, daga waje, ciki yana wanke kansa, gwada mini mako biyu ki dawo ki gaya mini ko warin ya ragu. Waɗanda suka gwada su ke jawo sauran.

Ki riƙa tambayar kwanakin al'ada ma. Kuɗin ɗaki ba ya jiran jini ya ɗauke, saboda haka wasu kan cusa auduga ko soso ko tsumma su ci gaba da karɓar baƙi. Wata ta zo mini da warin da ya tayar da mutane daga benci, ta sha kafso kala-kala na mako uku a banza. Da na buɗa na duba, sai ga dunƙulen auduga ya yi baƙi ya maƙale a bayan bakin mahaifa. Na ciro shi na nuna mata, ta rushe da kuka, don ta riga ta yanke wa kanta cewa sankara ce. Da ban duba ba, da wani kafson na rubuta mata na sallame ta. Ki duba da idonki, ƙanwata. Ki ja labule, kuma kada ki ninka safar hannu in ba haka kike yi wa kowa ba, don suna lura.

Kalmar "sanyi" a bakin mutanenmu buhu ce, komai ana zubawa a ciki: ƙaiƙayi, farin ruwa, ciwon mara, fitsari mai zafi, har rashin haihuwa. Aikinki ki rarrabe. Ƙaiƙayi da farin abu mai gudaji kamar awara yawanci ba daga namiji yake ba, yawan shan kafso ma yana tayar da shi. Masu haɗarin gaske, gonoriya da kilamidiya, su ne kuma masu shiru: mata da yawa na ɗauke da su a bakin mahaifa ba wata alama, har su haura su toshe bututun ƙwai. Don haka ko ba ta kawo kuka ba, a duba ta duk wata uku, in ya yi nisa shida. Haɗiye kafso biyu na ampiclox ko ja-da-rawaya bayan an gama da baƙo ba ya kare kowa, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Gonoriya ta riga ta fi ƙarfin ciprofloxacin a wurare da yawa, shi ya sa aka koma allurar ceftriaxone. Ki bi jadawalin ƙasa, ki ba da cikakken magani, kuma mai ciki ba a ba ta doxycycline. Tunjere kuma ƙurjinsa ba ya zafi, yana warkewa da kansa, mace ta ɗauka ta rabu da shi alhali yana cikin jini. Sai gwaji ke tona shi, allurar benzathine penicillin ta kashe shi.

Tazarar haihuwa ita ce inda na ga an fi yi musu sakaci, wai ai suna amfani da roba. Roba tana fashewa, dadiro ba ya sawa, fyaɗe yana faruwa. Kowace na bukatar abu biyu a tare, roba don cuta, wata hanyar don ciki. Duk abin da kike ba matan aure za su iya amfani da shi: allurar wata uku, har da Sayana Press da mace ke yi wa kanta, ashanar da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu ta shekara uku ko biyar, da robar mahaifa in babu ciwo a bakin mahaifar a lokacin. An daɗe ana fargabar ko allurar wata uku na ƙara haɗarin ƙanjamau, amma babban binciken da aka yi a ƙasashen Afirka huɗu, wanda ya fito a 2019, bai sami wani bambanci mai yawa tsakaninta da ashana da robar mahaifa ba. Ki dai riƙe cewa maganin tarin fuka rifampicin da tsohon maganin ƙanjamau efavirenz suna rage ƙarfin ashana.

Abin da ke dawo da mace ta ce a cire mata ashana kuwa ɗigon jini ne. Ga matar aure ɗigon kwana ashirin damuwa ce ta salla da miji. Ga wannan, ga sallar, don da yawansu suna salla suna azumi, ga kuma abincinta da na 'ya'yanta. Ki faɗa mata tun kafin ki sa cewa jini zai iya rikicewa a watannin farko, akwai maganin da ke rage shi, ta dawo wurinki kada ta je wani ya tsaga mata hannu. In ta dage a cire, ki cire ki ba ta wata hanyar. Wadda kuma ta mayar da Postinor, wato ƙwayar hana ciki ta gaggawa, abincin kullum, ƙwayar ba ta kashe mahaifa kamar yadda ake yaɗawa, amma ba ta kai sauran hanyoyin tabbas ba, sai ki lallaɓa ta zuwa mai ɗorewa.

Wata kuma cikin take so, ki saurare ta ba tare da kin canza fuska ba. In ciki ya samu, tambayar nan ta ranar awo, "Ina mijinki?", ita ke korarsu, sai su haihu a ɗaki a hannun abokan zama. Ki rubuta sunan wanda ta ce a kira in wani abu ya taso, ki wuce. A gwada ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta a zuwan farko. In uwa mai ƙanjamau ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya kamuwa. Da magani yadda ya kamata abin yana sauka ƙasa da 5. Tunjeren da ba a magance ba yana kashe ɗa a ciki. Ki tayar mata da maganar kuɗin jego tun ciki na wata huɗu, don na ga waɗanda suka koma karɓar baƙi kafin arba'in, ɗinki bai warke ba. Adashen gida yana rufa wannan asirin in an fara zubi da wuri.

Zubar da ciki yana faruwa, ko mun faɗa ko mun yi shiru. Dokar da ake aiki da ita a Arewa ba ta yarda da shi ba sai don ceton ran uwa, amma babu dokar da ta hana ki ceci macen da ta zo jini na zuba, ko ɓari ne ko ita ta jawo. Kada ki tsaya tuhuma. Ki sa ruwa, a yi wankin ciki ko a ba da misoprostol gwargwadon horonki, in da zazzaɓi da wari ko alamar an huda wani abu ki tura babban asibiti nan take. Kafin ta fita ki ba ta hanyar tazara, don ciki na iya sake shiga cikin mako biyu. Duk macen kuma da al'adarta ta yi jinkiri ta zo da ciwo a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko ta yanke jiki ta faɗi, ki ɗauka ciki ne a wajen mahaifa har sai an tabbatar ba shi ba ne. Saboda tabon da sanyi ke bari a bututu, wannan ba baƙon abu ba ne a cikinsu, kuma yana kisa cikin awoyi.

Sankarar bakin mahaifa ƙwayar HPV ce ke kawo ta, kuma mai ƙanjamau ta fi sauran mata haɗarinta har ninki shida. A fara duba mai ƙanjamau daga shekara 25, sauran mata daga 30. Jini bayan saduwa kada ki taɓa sallamarsa da kafso. 'Ya'yansu mata 'yan shekara 9 zuwa 14 su sami rigakafin HPV da Najeriya ta fara bayarwa a Oktoban 2023. Ciwon hanta nau'in B shi ma yana bin saduwa, wadda ba ta da shi a yi mata allurar rigakafi uku.

Duka da fyaɗe sai kin tambaya za ki ji, don an riga an cusa musu cewa karuwa ba a yi mata fyaɗe. Ana yi, daga baƙo, daga dadiro, daga 'yan iskan unguwa, wani lokaci daga masu kame. Ni nakan ce, "Akwai wanda ya dake ki ko ya tilasta miki tun rabuwarmu?" idona a kan takarda don ta sami sakewa. In ta ce e, ki rubuta raunukan dalla-dalla da kwanan wata, ki ba da magungunan gaggawa, ki bar mata zaɓin kai ƙara. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Salama a Kaduna, Waraka a Kano da Nana Khadija a Sakkwato; ki nemi lambar ta kusa da ke ki ajiye. Bayan kowane kame ki bi sawun masu shan magani, don a guje suke barin ɗaki. Abu guda ne ba na sassauci a kansa: yarinyar da ba ta kai 18 ba, ba zaman kanta take ba, cutarta ake yi. Ki yi mata magani, ki sanar da shugaban asibitinku da jami'in walwalar jama'a, in da alamar safara a kai ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Mu koma kan jefi-jefi. Matan nan da asuba suke kwanciya, ku kuma da sha biyu kun rufe kati. Ki roƙi shugabanku ko yini ɗaya a mako a bar ƙofa buɗe har la'asar, amma kada a sa wa ranar suna, kada a ware musu benci. Kada ki rubuta sana'arta a bangon kati. In za ki kira ta a waya, ki tambaye ta tun farko sunan da za ki ambata da lokacin da ya dace, don sunan bariki daban ne da na gida, wayar kuma wani lokaci a hannun dadiro take.

Ki fara da gaisuwa. Ki sami wata dattijuwa cikin ma'aikatanku ta raka ki, da sanin shugabanku, ku je gidan magajiya da la'asar, ba kayan gwaji, ba takarda. Ki gaishe ta da Hajiya ko Mama, yadda kika ji ana kiranta, ki zauna a tabarmar da aka shimfiɗa miki, in an kawo ruwa ki sha. Gidan da na fara shiga, sai daga baya magajiyar ta gaya mini cewa kofin ruwan nan duka suke kallo ta bayan labule, don wadda ta zo kafin ni ta ce tana azumi, sai ga shi sun hango ta tana shan lemo a bakin tasha. Ki tambaye ta abin da ya fi damun 'yan gidan, ki yi shiru ki saurara. Ni abin da ta fara nema a wurina shi ne in duba wani yaro ɗan shekara biyu da ke gudawa, ta kuma ce in zan dawo in taho da maganin ƙaiƙayi. Na koma ranar Alhamis da shi, na tarar da mata bakwai a ɗakinta suna jirana.